Cikin Kwat Ɗin Manaja

Sana'ar Mai Gyara sana'a ce mai ban haushi, domin in ta yi kyau ba a ganinta. Ka kawo mata rigar da dutsen guga ya ƙona, ko wandon da ƙusar benci ta yaga, ko mayafin da asu ya huda, sai ta tsinko zare daga cikin kalmasar kayan, ta zauna bakin taga da allura ta yi ta saƙa wurin har ramin ya rufe. In ka dawo ka juya kayan gaba da baya, kai da kanka ba za ka iya nuna inda ɓarnar take ba. Sai ka biya ka yi gaba, kuma ba za ka gaya wa kowa ba. Wa zai tsaya cikin mutane ya ce rigar jikinsa gyararriya ce?

Wajen gwaggonta ta koya tun tana yarinya. Gwaggon mace ce mai zafin hannu, in ta hango ɗinki ya fito fili sai ta ƙwala mata kan almakashi a bayan hannu. Abu biyu ta dasa mata, iya riƙe allura da iya riƙe baki. Takan ce, "In kin gamu da mai rigar a hanya ki gaishe shi ki wuce. Kada ko idonki ya sauka a wurin da kika gyara."

Shekara da shekaru tana da 'yar kujerarta a bayan shagon wani mai wanki da guga. Duk kayan da aka ƙona ko aka kawo a yage, ita ake miƙa wa. Da wannan da albashin mijinta aka yi rainon yara har suka kama gabansu. Sai mai shagon ya rasu, magada suka sayar, wurin ya koma shagon kayan waya. Ga kuma tufafi masu araha sun cika kasuwa, har sayen sabo ya kusa fin gyara sauƙi. Ta ɗauko gwangwanin allurarta ta dawo gida. Masu kawo mata aiki ba su san ƙofarta ba, ita kuma ko sunayensu ba ta taɓa tambaya ba, balle lambar waya.

Mijin nata direban kamfani ne a da. Ranar da ogan da ya daɗe yana tuƙawa zai bar aiki, ya cire kwat ɗin jikinsa ya ba shi, wata toka-toka mai siraran zane da manyan maɓallai ruwan ƙasa. Tun daga nan abokai suka raɗa masa Manaja, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Kamfanin ya rufe, ƙarfi ya tafi, kwat dai tana nan. Kullum da safe zai ciro ta daga ƙusar bayan ƙofa, ya kaɗe kafaɗa, ya tafi bencin mai jarida inda tsofaffin direbobi ke zama, a yi ta musun siyasa da ƙwallo har rana ta take. In an zolaye shi sai ya daki ƙirji ya ce, "Wannan kayan da ne, ba ta san tsufa ba!" Mai Gyara in ta ji labari sai ta yi murmushi kawai. Ita ta san sau nawa ta farke shafin kwat ɗin yana barcin rana, ta saƙa gwiwar hannu ko wuya ta ciki, ta mayar da shafin kafin ya farka.

Babban ɗansu, wanda ke aiki a wani gari, shi ke taimaka musu da hayar ɗakin da suke ciki. Wata rana ya kira, muryarsa duk a gajiye.

"Umma, wallahi na gaza. Haya biyu ta fi ƙarfina. In wannan ta ƙare zan turo mota ku dawo wurina, an riga an share muku ɗaki."

Ta san ɗakin. Ɗakin ajiya ne a bayan kicin, tagarsa 'yar mitsitsiya can sama kusa da rufi, ko zare ba za ka iya zura wa allura a ciki ba. Manaja yana zaune yana ji, yana ta shafa hannun kwat ɗinsa. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Ba ta kanta kaɗai take ji ba. Ta tabbata in aka ɗauke mutumin nan daga bencin mai jarida aka ajiye shi a bayan kicin ɗin suruka, ba zai daɗe ba. Ta roƙi ɗan ya saurara mata, ta ce sana'arta za ta farfaɗo. Ya ce to, amma to ɗin da ake yi wa tsofaffi don a rabu lafiya.

Maƙwabciyarta mai sayar da zanin gado ita ta ɗora ta a hanya. Mace ce mai baki kamar rediyo, ba ta da shago, duk cinikinta a waya.

"Yaya, kina zaune kina jiran a ƙwanƙwasa ƙofa? Kasuwa ta koma cikin wasap tuntuni. Kawo wayar nan."

Ta nuna mata yadda ake ɗaukar hoto a ɗora a sitatus, inda duk mai lambarka zai gani. Ta zuba ta cikin gurup-gurup, na matan unguwa, na iyayen yara, na masu saye da sayarwa. Mai Gyara ta ɗauki hoton wata riga da ta taɓa gyara wa 'yarta, ta ɗora, ta zauna tana kallon waya kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Amsa ta farko ta shigo: "Nawa rigar?" Ta biyu: "Akwai ja?" Ba wanda ya ga gyara, tunda babu abin gani.

Ta koma saƙon murya. Ta yi ta gogewa tana sakewa saboda muryarta rawa take. "Salamu alaikum, ni ce mai gyaran kaya, ƙuna ko yagewa ko cin asu..." A wani gurup aka cire ta, wai ba a talla. A wani kuma kafin a saurara hotunan furanni na barka da safiya da rigimar kwata sun binne saƙon. Ta bi lambobin wayarta ɗaya bayan ɗaya, har dangi suka daina buɗe saƙonta. Wani ɗan ƙanenta ma katin waya ya turo mata, da "Allah ya rufa asiri, Gwaggo." Ya ɗauka roƙo take. Ranar ta yi kuka sosai, ta kuma yi amfani da katin, don datarta ta ƙare.

"Ba za a gane ba sai an ga yadda kayan suke kafin gyara da bayan gyara," in ji mai zanin gado. "Ba ga rigar malamar nan a hannunki ba? Ɗauke ta yanzu tun tana da ramin."

Rigar wata malamar makaranta ce, aiki ɗaya tilo da ya shigo mata a tsawon lokacin nan. Mai Gyara ta girgiza kai. "Kowa ya san rigar nan a jikinta. Amana ce."

"To ki rungumi amana, Yaya, mota na tafe."

Sai ta ɗauko zanenta mai ɗan dama-dama, ta rufe ido ta huda shi da almakashi, ta ɗauki hoto, ta ɓata yini tana saƙawa, ta sake ɗauka. Ta jera hotunan ta tura. Wata ta rubuto a gurup, da 'yan fuskokin dariya a jere: "Wayo ke nan! Ai tun kafin ta yaga ta ɗauki na biyun." Saura suka biye mata. Kyan aikin shi ya zame mata abin zargi.

A makon ne ɗan ya sake kira ya ce ya yi magana da mai mota. Matarsa ma ta karɓi wayar ta tambayi tsawon gadonsu, don a san ko zai shiga ɗakin. Mai gidan haya ya kawo wasu mata da miji suka leƙa ɗakin suna nuna bango da yatsa, matar har tana cewa tagar nan ta yi mata. Mai Gyara tana zaune a bakin tagar, allura a hannu, ba wanda ya kula ta.

Da rana Manaja ya dawo ya ci abinci ya kwanta. Kwat tana rataye a ƙusarta. Mai Gyara ta daɗe tana kallonta. Gyara irin nata ta ciki kaɗai yake nuna kansa, kuma a duk duniya babu kayan da ke ɗauke da aikin hannunta kamar wannan. Ta ce wa ranta ai miji ba baƙo ba ne, maganar gwaggo ba ta hau kansa ba. Ranta bai yarda ba, amma ta miƙe.

Ta farke shafin ta shimfiɗa kwat ɗin a hasken taga. Ta kunna bidiyo, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗaya ya rufe maɓallai don kada a gane mai ita. Ta nuna waje sumul, ko alama babu. Sannan ta juya cikin. Gwiwar hannu, wuya, bakin aljihu, kafaɗa, gadon baya, ko'ina saƙa ce a kan saƙa, wurin da ba a taɓa ba ya fi ƙanƙanta. Ta ce cikin raɗa, "Wannan ta girmi wasunku. Aikina ke nan." Ta tura kafin zuciyarta ta hana ta. Sai da ta sake kallo ta ga ashe wajen juyawa hannunta ya zame, maɓallan sun fito ɓaro-ɓaro. Ta so ta goge, amma mai zanin gado ta riga ta watsa shi ko'ina, tana ƙwala mata kira ta katanga, "Yauwa Yaya! Yanzu kika yi magana!"

Wayar da ta yi wata da watanni shiru ta kama ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ina ne gidan? Kina gyara leshi? Mijina yana da irin wannan, zan kawo. Ta yi sauri ta mayar da shafin kwat ɗin kafin Manaja ya farka.

Washegari Manaja ya ciro kwat ya kaɗe kafaɗa. Ta buɗe baki ta ce, "Malam..." Ya juyo. Ta ce, "A dawo lafiya."

Bai daɗe ba ya dawo. Ya tarar da mata biyu a kan tabarma da ƙullin kaya, ya gaishe su cikin mutunci ya shige bayan labule. Da suka tafi ya kira ta.

"Kawo almakashi."

Ta kawo, ta tsaya daga nesa.

"Ba yankawa zan yi ba. Buɗe min shafin nan in gani da idona. A waya aka nuna min, wayar tana yawo hannu zuwa hannu a benci. Dogo har kama min wuyan riga ya yi, wai in buɗe su ga taswira." Dogo abokinsa ne tun suna tuƙi, shi ya fi kowa jin ɗaga ƙirjin da yake yi da kwat ɗin nan.

Ta farke shafin. Ya ɗora kwat ɗin a cinya ya bi saƙar da yatsa, daga wuya zuwa kafaɗa zuwa gwiwar hannu, a hankali, kamar mai shafa kan yaro mara lafiya.

"Yaushe kika yi duk wannan?"

"Kaɗan-kaɗan. In kana barci."

"Ni kuma ina can ina cika baki, wai ba ta san tsufa ba." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ashe ke ce ba ki san gajiya ba."

Ta durƙusa, hawaye ya ƙwace mata. "Malam, ka yafe ni. Motar nan ce ta ruɗa ni. Wallahi don kada a raba ka da bencin nan na yi."

Wayarta tana ta ƙara a kan taga. Can ya ce, "Aikin da ya shigo, zai riƙe ɗakin nan?"

"In ya ɗore, zai riƙe."

"To kira yaron nan ki ce kada ya turo mota."

Ya miƙe ya ɗauki guduma ya kafa sabuwar ƙusa a gefen tagarta, daidai inda mai shigowa zai fara gani. Ya juya kwat ɗin ciki ya koma waje, ya rataye ta a nan, ya gyara mata kafaɗa yadda ya saba.

"Masu zuwa za su so su taɓa da hannunsu," in ji shi. "Hoto ba ya isar mutane."

"To kai da me za ka fita?"

"In fita ina?"

Da safe tun kafin ta gama shara aka fara sallama a ƙofa. Kaya suka taru a gefen kujerarta, abin da ta yi ta roƙon Allah ya kawo. Duk wadda ta shigo sai ta je ta taɓa kwat ɗin ta riƙe baki. Mai Gyara ta zauna a hasken tagarta, amma ta kasa zura zare, idonta yana kan mijinta. Lokacin fitarsa ya yi. Ta ga ya miƙe ya nufi bayan ƙofa, ya miƙa hannu wajen tsohuwar ƙusar, ya tarar da ita wayam. Ya tsaya jim, ya sauke hannun, ya koma bakin gado ya zauna da 'yar singiletinsa.