Shekarar da Zanen Yaya Ya Yi Kasuwa

Yayana da rubutun allunan shaguna ya fara, daga baya ya koma zana fuskokin mutane a kan yadi. Mutum ne mai ƙwaƙƙwafi, gashin gira ma ɗaya-ɗaya yake zana shi. Tsohon garejin gidanmu ne ɗakin aikinsa, taga ɗaya, kullum warin fenti da kananzir.

Shekara goma sha huɗu yana kai kaya baje kolin zane-zane a babban zauren gari. Ni nake raka shi, don matarsa ba ta son cunkoso. Kullum rumfar ƙarshe ake ba mu, dab da banɗaki. Mutane su tsaya, su yaba, su ɗauki hoto da waya, su wuce. Yakan ce da yabo na sa ƙiba, da tuni ƙofa ta yi masa kaɗan.

Sai ido ya fara ba shi wahala. Ya ɗauka laifin tabarau ne, ya canza har sau biyu. Da muka je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa. Magani sai dai ya rage wa ciwon gudu.

Bai ajiye buroshi ba. Matarsa ta ɗaura wa kowane gwangwanin fenti zare mai ƙulli daban, don ya bambance su da hannu. Zanen duk ya dagule, fuska ta narke, ba hanci ba baki. Na so in hana shi kai su baje koli, nauyin baki ya hana ni.

Ranar farko, kafin rana ta raba, an sayi biyar. Wata mata mai shagon sayar da zane-zane ta daɗe a tsaye, ta ce ba ta taɓa ganin mai sakin hannu haka ba. Ta tambaye shi ma'anar koren da ya shafa a fuskar wani tsoho. Da ta matsa gaba, Yaya ya laluba ya kama hannuna.

"Auta, kore na sa masa?"

"Kore ne, Yaya."

"Ni ruwan ƙasa na nufa."

Ya sa na fito da tsoffin zanensa, waɗanda ya ƙarar da idonsa da ƙuruciyarsa a kansu, na jera su a gaba. Har aka tashi ba wanda ya taya.

Da shekara ta zagayo aka ba mu rumfa a tsakiyar zaure, har da fitilu. Matar nan ta nemi guda ashirin. Yaya ya gaya mata gaskiya, cewa ba salo ba ne, gani ne babu. Ta tausaya masa ƙwarai, sannan ta sa aka buga labarin a kati aka manna a bakin rumfa. Ciniki ya ƙaru. Ya ce in karanta masa katin, na karanta, ya ce to.

Yanzu kujera ake ajiye masa. Masu saye su gaishe shi, ya juya inda murya take, ya yi godiya. In an ɗauki zane yakan tambaye ni wanne ne, in kwatanta masa, shi kuma ya kasa tuna shi.

Watan jiya idon dama, wanda shi kaɗai ya rage masa, ya rufe gaba ɗaya. Da safe yana shiga aiki kamar kullum. Wani lokaci buroshin kan wuce yadin ya hau bango, matarsa na tsaye da shayi a hannu, ta rasa ta yadda za ta gaya masa.