Ƙafafu Masu Lalle a Ƙarƙashin Jif

Wata Laraba cikin watan Oktoba na shekarar 2000, iska ta yaye kwanon ajinmu a Agege, ruwa ya zubo mana har cikin jakunkuna, sai hedimasta ya sallame mu tun ƙarfe goma ba ta yi ba. Shekarata goma sha ɗaya, ina aji biyar. Na taho gida da takalma a hannu ina tsallake kwatocin da suka cika suka batse, sai na tarar da ƙofar gidanmu a sakace ta ciki, abin da ban taɓa gani da rana ba. Ban buga ba, domin ni tun ina ƙarama ba na wahalar da ƙofa in dai akwai katanga. Na zagaya ta gidan maƙwabta, na taka bakin rijiyarsu, na dira tsakar gidanmu. Tsohuwar jif ɗin Baba tana ƙarƙashin rumfa, an cire mata ƙafar gaba ta dama, an tokare ta da gungumen icce da tsohon turminmu a kife. Daga ƙarƙashinta ƙafafu biyu ne suka leƙo, jajaye da lalle har idon sawu. Na san ƙafafun nan farin sani, su ne masu bi na da gudu in na guje wa wanke-wanke. Ƙafafun Iya ne, mahaifiyata.

Sana'ar gidanmu goro ce. Malam Isa Mai Goro ake kiran Baba, kuma jif ɗin nan da ita yake shiga ƙauyukan kurmi, inda hanya ke zama kunun laka da damina, ba motar da ke fita sai wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja. In ya dawo, aikin ya zama namu: mu wanke goro a manyan baho, mu ware fari da ja, mu tsince mai tsutsa, Iya ta jera shi cikin ganye ta ɗaure huhu. Sai an gama nake samun sarari in yi carafke da ƙannena a bakin rijiya. A unguwa kuwa an san Baba da abu guda, har ana faɗa: "Motar Malam Isa ba ta san hanyar gareji ba." Direbobin danfo, ƙananan motocin bas na haya, kan tsaya a majalisarsa su ce, oga, tawa tana wani kuka in na sha kwana. Ya saurara, ya shafa gemu, ya ce a bar shi ya kwana da maganar. Washegari ya kawo amsa, kuma ba ta taɓa kuskurewa ba. Ni da nake cika baki a makaranta cewa ubana ya fi kowane bakanike a Legas, ban taɓa tambayar kaina me ya sa sai ya kwana ba.

To a farkon watan nan okada ya kayar da Baba, hannunsa na dama ya karye, mai ɗori ya ɗaure shi da kara. A daidai lokacin kuma ƙafar gaba ta jif ta fara ƙas-ƙas in an murza sitiyari, wani baƙin mai yana tsiyaya daga gwiwarta. Ga goro ya fara saukowa. Baffa Sani, yayan Baba kuma abokin kasuwancinsa, mutum ne da ba a ja da shi, in ya shigo gida har kaji shiru suke yi. Ya yanke hukunci cewa ranar Juma'a bayan masallaci zai zo da igiya a ja motar zuwa garejin Oga Lasisi. Lasisi ya iya aiki, ba mai musu, amma danfo sun yi layi a gabansa, mota kan yi sati uku ba a duba ta ba, goro kuwa ba ya jiran kowa. A nan iyayena suka shiga tsaka mai wuya. In an ja motar, kakar goro ta wuce su. In kuma aka wayi gari ta gyaru alhali hannun Baba na rataye a wuya, dole kowa ya tambaya wa ya gyara, asirin da suka rufe shekara goma sha biyu ya tonu.

Baba ne ya fara ganina. Yana zaune a kujerar tsugune, yana miƙa sufana da hannun hagu, ya dube ni, ya dubi katanga, ya sunkuyar da kai. Iya ta zamo daga ƙarƙashin mota a kan kwali, sanye da tsohuwar rigar Baba, giris har gwiwar hannu. Na ɗauka zan sha duka. Sai kawai ta ce, "Tunda kin gani, kin gani. Zauna can, kada ki taɓa komai, ki kuma kama bakinki."

Na zauna a kan bokiti kwana biyu, tunda makaranta ba rufi, kuma har yau ban ga abin da ya cika ni da mamaki kamar aikin nan ba. Iya ta shimfiɗa ganyen goro a kan faya-fayai uku, duk abin da ta kwance ta ajiye shi bi da bi daga dama zuwa hagu, noti, washa, boris, har da wasu siraran ƙarafa da ba su fi kaurin takarda ba, waɗanda ta ce in aka musanya na sama da na ƙasa mota za ta riƙa yawo a titi. Ta zaro dogon ƙarfen aksul da hannu biyu, mai kai kamar ludayi, a cikinsa ƙwallayen ƙarfe shida. Ta karkata shi ta wata fuska, suka fito ɗaya bayan ɗaya a tafinta. Ta wanke su da kananzir a tsohon bahon goro, ta ɗaga kowanne ga hasken rana, ta murza shi a leɓenta na ƙasa, wai leɓe ya fi yatsa jin tabo. Biyu ta ware gefe ta ce sun cinye, sai an canja su. Ashe Baba ne ke zuwa sayo kayan gyara da jerin da ta faɗa masa ya haddace, shi ya sa masu shago ma suka ɗauka shi ne gwanin. A ranar na kuma gane dalilin da ya sa lallen hannun Iya kullum yake baƙi ƙirin har kan farce, alhali na sauran mata ja ne. Giris ba ya fita da sabulu, sai dai a rufe shi.

Tana aiki tana ba ni labari a taƙaice, ba tare da ta dube ni ba. Mahaifinta bakaniken soja ne, a bariki ta tashi, kuma bai sami ɗa namiji ba sai da ya tsufa, don haka ita ya koya wa. "A gareji, in sauri ya yi yawa, sabon giris ake ɗurawa a kan tsoho," in ji ta. "Ni kuwa mijina ne zai shiga daji da motar nan." Da aka zo kan wani zoben tsumma mai kauri da ke share laka daga gwiwar, Baba ya ce bai samu ba a kasuwa. Iya ta shiga ɗaki ta fito da jar dara, hular kakanta da ya yi soja tun zamanin Turawa, duk an yayyanke ta, saura ɗan gefe. Ta auna da tsohon zoben, ta sa almakashi ta yanke ragowar, ta yi wa mai hular addu'a a hankali. Sannan ta cusa giris cikin boris da tafin hannu, ta mayar da komai daga hagu zuwa dama, ta ɗaure noti, ta sassauta, ta juya, ta sake ɗaurewa tana saurare da kunne. Da la'asar ɗin Alhamis ba abin da ya rage a kan faya-fayan sai ganye.

Iya ta so a faɗa wa mutane cewa wani bakanike aka kira gida. Ta ce ita ba ta damu da yabo ba, abin da take tsoro shi ne a ce matar aure na kwanciya ƙarƙashin mota, a kuma mayar da mijinta abin dariya a majalisa.

Ranar Juma'a Baffa Sani ya iso da igiya, da direban danfo, da mutum biyar da suka biyo shi daga masallaci. Direban ya shiga jif don ya fito da ita, ya murza sitiyari dama, ya murza hagu, shiru. Ya sa giyar ƙafa huɗu ya haye tudun lakar da ke bakin layinmu, ya sauko, ya ce da Baffa, "Alhaji, wannan ai ba abin da ke damunta." Baffa ya durƙusa ya shafa gwiwar, ya shinshina yatsansa, ya miƙe ya dubi hannun ƙaninsa. Ya ce, "Isa, wa ya yi aikin nan?"

Ina tsaye a bakin ƙofa. Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Yaya, ban taɓa gyara motar nan ba ko sau ɗaya. Uwar yaran nan ce. Duk amsar da na taɓa ba ku, daga bakinta na ɗauko." Wani ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye. Baffa da Iya akwai kunya tsakaninsu, ko sunanta ba ya kamawa. Sai ya naɗe igiyarsa a hannu, ya juyo gare ni ya ce, "Shiga ki ce wa uwarki Allah ya yi mata albarka, ya jiƙan wanda ya koya mata." Na shiga na same ta a bayan ƙofa, ta riga ta ji, ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Yanzu ina da motata, kuma in ta yi ciwo gareji nake kai ta, in zauna a benci ana yi mini bayanin da ba na ganewa ina gyaɗa kai. Gidan namu ya zama shaguna, Iya da Baba sun riga mu gidan gaskiya. Sau da yawa bayan ranar ta ce in zo in koya, ni kuwa ina ce mata sai an yi hutu. Na ɗauka kullum za ta kasance a tsakar gida.