Naman Cinya a Fuskar Yaya

Ni mahauci ne. A mayankar Agege na girma, a hannun yayana. Shi ya ɗauko ni daga gida bayan rasuwar babanmu, ya koya mini riƙon wuƙa. Shekara da shekaru kwano ɗaya muke ci.

Da ciwon daji ya kama shi a muƙamuƙi, likitoci suka cire masa gefen haɓa. Bayan ya gama karɓar magani, suka sake shiga da shi tiyata, suka yanko fata da tsoka daga cinyarsa suka rufe ramin. Wurin ya fi sauran fuskar haske, ya ɗan tasa, miyau na zuba ta gefe. Likita ta ce aiki ya yi kyau. Shi ma ya yarda, har ya sa na kawo masa madubi.

Ranar da na koma aiki, mahauta suka kewaye ni. "Yaya jikin oga?"

Na ce, "Da sauƙi. Faci aka yi masa da naman cinya. Da ni aka ba aikin, da na zaɓo masa mai kitse."

Aka bushe da dariya, har da ni. Tsoro ne fal cikina a lokacin, amma wannan ba hujja ba ce.

Bayan wata uku ya fito, ya zauna a bakin teburinmu yana amsa gaisuwa. Sai wani mai sayen fata ya ɗaga murya daga nesa: "Oga Cinya, barka da fitowa! Nawa kilo?"

Yaya bai waiwaya ba. Ni ya kalla. Ban da likitoci da matarsa, ni kaɗai na san inda aka yanko naman.

Da azahar aka kawo abinci, na matsar da kwano gabansa. Ya ce, "Ci abinka, ƙanena. Miyau nake zubarwa." Daga ranar bai sake taka mayanka ba.

Kullum sai in ce gobe zan durƙusa in nemi gafara. In je, in gaishe shi, in yi zancen tsadar shanu, in tashi. Kafin shekara ciwon ya dawo ta wuya, ya tafi da muryarsa.

Kwana biyu kafin ya cika na iya buɗe baki. Na ce, "Yaya, ni na faɗa. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya motsa leɓe. Na kai kunne kusa. Har yau ban san abin da ya ce ba.