Tashoshi Huɗu da Ɗiyar Fari

Shekarar da na ajiye aiki a babbar kasuwar Rungis da ke gefen Paris, bayan ƙuguna ya gaji da ɗaukar kwalayen kayan lambu, ɗiyata ta kira ni daga Lyon ta ce ta yankar mana tikitin jirgin ruwa. Kwana bakwai za mu yi. Jirgin zai tashi daga Marseille, ya bi gaɓar teku, ya tsaya a garuruwa huɗu: Genova, Napoli da Palermo a Italiya, sannan Barselona. A kowane gari a sauka da hantsi, a koma jirgi bayan la'asar.

"Baba, abu ɗaya na bar maka," in ji ta. "Ka tsara mana abin da za mu yi in mun sauka, da inda za mu ci abincin rana. Na san ka da tsari."

Na ce to. Na kuma gaya mata tun a wayar cewa ba zan zauna a babban ɗakin cin abinci na jirgin ba, don na ji kowane tebur da kwalbar giyarsa. Zan riƙa ɗaukar burodi da kifi in kai ɗakina. Ta ce ba komai, ai ga abincin rana a ƙasa.

Ita ce ɗiyata ta fari. A Damagaram inda na tashi, mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya zama cin abinci da shi. Kunya ce. Haka na taras, haka na riƙe. Ta girma a gida ina Faransa, sai bayan shekara biyu in je in yi wata guda. Daga baya ta zo karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Lyon. Ta wuce shekara talatin ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. In zan yi mata magana, "ke" nake cewa. Mahaifiyarta ce ke kai saƙo tsakaninmu, har Allah ya yi mata rasuwa. Daga nan sai waya ranar Juma'a: gaisuwa, aiki, sanyi, sai an jima.

Washegarin kiran nata na sauka unguwar Barbès na sayi littafin rubutu a ƙarƙashin gadar metiro, jirgin ƙasan cikin gari. Kowane gari na ba shi shafi biyu. Da farko na rubuta lokutan salla. Sai masallacin da ya fi kusa da bakin ruwa. Sai abinci. A nan na tsaya na yi tunani. Ban yarda da tukunyar Italiya ba, don an ce har cikin miya suna zuba giya, alade kuwa kamar gishiri ne a wurinsu. Ban da haka ma, a saninmu matafiyi ba ya cin abincin kasuwa a garin da yake da ɗan'uwa. Yakan nemi mai masauki ne, ya je ya yi sallama, a ba shi ruwa. In aka ji na taka wani gari na zauna a shagon abinci alhali akwai Bahaushe a cikinsa, abin magana ne.

Saboda haka na shiga neman mutane. A gidan ma'aikata na Montreuil inda nake da ɗaki, ba garin da za ka ambata a rasa wanda ya san wani a can. Sati uku na yi ina hawa bene ina sauka. A Genova aka haɗa ni da wani mutumin Tawa mai walda a tashar jiragen ruwa. A Napoli, wani malami ɗan zangon Kumasi mai sayar da takalma. A Palermo ɗan Cadi ne, ƙanen limaminmu. A Barselona kuwa wani Alhaji ne mutumin Maraɗi, mai aika tsofaffin motoci gida. Kowanne na kira shi na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗi wanda ya ba ni lambarsa, na faɗi ko ni ɗan wane ne. Kowanne ya ce maraba, gida nawa ne. Na tanadi tsaraba kashi huɗu, kilishi da goro da turare, na ɗaure kowane kashi daban na rubuta sunan gari a kai.

Maƙwabcin ɗakina Bafulatani ne mutumin Marwa, abokin wasana, tunda ni jinin Barebari ne. Ya leƙo ya tarar da ni ina jan layi da rula.

"Kai bawana," ya ce, "wannan yawon shan iska ne ko zagayen ta'aziyya?"

"Bafulatani me ya sani a kan teku? Ku da ko rafi ba ku ƙetarewa sai kun riƙe wutsiyar saniya."

"Mu dai saniyarmu ba ta barin ɗan maraƙinta ta tafi lasar na maƙwabta." Ya ɗauki littafin ya juya shafi. "Ina yarinyar a nan?"

"Tana tare da ni."

"Malam, kunyar nan tamu ce, a wurinmu kuka aro ta. Mu ma mun fara sassauta mata igiya."

Na karɓe littafina na ce ya je ya sha nono.

Kwana ɗaya kafin tafiya na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Ta tarbe ni a tasha, ta karɓi jakata. Da muka isa gidanta na miƙa mata littafin, ina jira ta yaba. Ta karanta shi a tsaye, shafi bayan shafi, ba ta tsallake komai ba. Wannan halin nawa ne ta ɗauko.

"Baba, a gidan mutumin Genova, ni ina zan ci?"

"Ciki, wurin iyalinsa."

"A Napoli fa?"

"Haka nan."

"Palermo da Barselona ma?"

"Ai haka ake yi. Maza a falo, mata a ciki."

Ta rufe littafin a hankali. "To ni da kai fa? A jirgi kana ɗakinka. A ƙasa kana falo."

"Jirgi ɗaya muke ciki," na ce.

"Baba, na ɗauki hutun nan ne don in zauna tebur ɗaya da ubana in ci abinci. Ko sau ɗaya ne. Marasa lafiya nawa na ba abinci a baki, amma ban taɓa ganin yadda kai kake tauna ba."

Raina ya ɓaci. Na ce na riga na ba mutane magana, kuma magana ba riga ba ce da za a tuɓe. Ta shiga haɗa kayanta, ni kuma na zauna ina kallon rufin gidaje ta taga. Bayan na yi sallar la'asar na kira ta na ce na ba ta gari ɗaya, na ƙarshe, mu ci abinci mu biyu.

Kiran Alhajin Barselona ya yi mini nauyi ƙwarai. Na gama gaisuwa, na sake wata gaisuwar, sannan na faɗa.

"Subhanallahi, Malam, wani laifi muka yi?" in ji shi. "Hajiya har ta sa a nemo mata zogale, dambu za ta yi maka."

Na ce ba laifi, yarinya ce ke da wata bukata. Ya ce Allah ya shirya mana 'ya'yan zamani. Na bar shi a kan haka, ban gyara masa ba. Na roƙe shi ya faɗa mini inda Musulmi zai ci kifi hankali kwance, ya kwatanta mini shagon wani Balarabe ɗan Maroko kusa da bakin ruwa. Na soke shafin da layi biyu na sake rubuta shi.

Garuruwa ukun farko sun tafi yadda na tsara, ba a yi lattin minti ɗaya ba. A Genova mutumin Tawa ya ɗauke mu a bakin tasha, ya kai mu wani bene mai matsattsen tsani. A ƙofa matarsa ta kama hannun ɗiyata suka shige. Mu aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuka, muka yi hirar damina da tsadar gero. Ta bango nakan jiyo muryarta tana dariya irin wadda ake yi wa baƙi. A Napoli malamin ya kai ni masallacinsu, ya gabatar da ni ga jama'a ɗaya bayan ɗaya. Da muka dawo na tarar da ita da jaririn gidan a kafaɗa, awa uku ke nan, an kuma kawo mata wata tsohuwa mai ciwon ƙafa ta duba. A Palermo ma kusan haka. Fasinjoji suna dawowa da hotunan tsofaffin gine-gine, mu muna dawowa da ragowar nama a leda. Ba ta yi ƙorafi ba. A hanya tana bayana da taku biyu, kamar yadda ya dace. Ina shiga ɗakina in sa alama a shafin ranar.

Ranar Barselona muka sauka da hantsi, muka bi kwatancen har shagon. Teburin ƙarami ne, na mutum biyu, gwiwa na kusa da taɓa gwiwa. Ban san haka zai kasance ba. Na ɗan karkata kujerata wajen teku. Ta gani.

Aka kawo gasasshen kifi da shinkafa da lemun tsami. Na yi bismilla. Shekara da shekaru a Rungis na saba cin abinci cikin minti goma, a tsaye, kafin wata mota ta iso. Haka na ci wannan ma, kaina a ƙasa. Da na ɗago na ga ita ko rabin gefe ɗaya na kifinta ba ta ci ba. Tana cire ƙaya ne a hankali, tana jera su a bakin faranti, ƙanana gefe ɗaya, manya gefe ɗaya.

"Baba, ranar da aka haife ni kana ina?"

"Ina Paris."

"Wa ya gaya maka?"

"Wasiƙa aka aiko."

"Sai ka yi me?"

Abin da na yi, na karanta wasiƙar sau uku a bakin gado, na fita na sayo goro na bi ƙofa-ƙofa har bene na biyar ina rabawa, ban iya faɗin dalili ba sai da maƙwabcina ya ƙwace takardar ya karanta wa mutane. Ranar na yi kuka a makewayi, inda ba mai gani. Duk wannan yana bakina. Amma fuskarta na kusa ƙwarai, idonta a kaina, ga mutane a kowane gefe.

"Na gode wa Allah," na ce. "Ci abincinki, zai huce."

Ta ci loma biyu. Na duba agogo. A shafin ranar na rubuta cewa ƙarfe biyu za a tashi zuwa masallaci, tafiyar minti goma sha biyar. Lokacin azahar da sauran fili, na sani, ita ma ta sani. Na tashi na ce ta jira ni. Da na dawo na hango ta a tsaye a ƙofar shagon da jakarta a kafaɗa, an kwashe teburin, wasu Turawa biyu sun zauna a kai. Muka koma jirgi da sauran awa biyu a hannunmu.

Daga Marseille muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, na kwana gidanta. Washegari jirgina na Paris ƙarfe huɗu ne. Da rana ta dafa shinkafa da miya, ta kawo mini a tire har falo, ta ajiye ruwa da cokali, ta ce a ci lafiya, ta koma ɗakin girki ta jawo ƙofa.

Na zauna ina kallon tiren. Ba kowa a gidan sai mu biyu, ba wanda zai gani balle ya faɗa. Na ɗauki farantina da hannu biyu, na taka har ƙofar, na tura ta da kafaɗa. Tana tsaye jikin taga, farantinta a hannu, waya a maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, tana magana da wata ƙawarta da Faransanci tana dariya da abinci a baki. Ban taɓa jin wannan dariyar ba. Da ta gan ni ta haɗiye da sauri, ta rufe wayar da tafin hannu, ta gyara ɗankwalinta.

"Baba, wani abu ne? Gishiri bai ji ba?"

Akwai kujera guda a wurin, ba kowa a kanta.

"I," na ce. "Gishiri."

Ta miƙo mini. Na koma falo na barbaɗa a kan miyar da ba ta bukata, na cinye duka, don ba a barin abinci. Ƙarfe uku da kwata muka fita zuwa tasha.