Muryar da Aka Bar wa Mai Guga

A ajin manya da nake koyar da nazarin waƙa ran Asabar, Shiru muke ce masa. Mai guga ne, ya haura arba'in, yana zuwa da ƙanshin sitati da tabon ƙuna a yatsu. 'Yan ajin kan tsokane shi wai da awo ake ba shi magana. Ni kuwa haushi yake ba ni, don ban ga amfanin ɗalibin waƙa mai rowar baki ba.

Ranar da muka shiga karin waƙa na matsa masa sai ya karanta baiti. Da ya buɗe baki, ajin ya yi tsit. Murya ce mai kauri, kuma bai karya kari ko sau ɗaya ba. Na tambaye shi inda ya koya. Ya ce ba koya ya yi ba, gado ne.

Bayan an tashi ya ba ni labari. Mahaifinsa ma mai guga ne, yana guga yana ƙaga wa matarsa waƙa. Da auren ya mutu, uban ya tafi da ƙanwar Shiru, shi aka bar shi wurin uwa. Lafiya lau suke har muryarsa ta fashe. Ranar da ya yi sallama da muryar ubansa sak, kofi ya suɓuce daga hannun uwar. Tun daga nan, in ya yi magana sai ta tuna tana da aiki a wani ɗakin. Ba ta taɓa zaginsa ba, ya ce da ma zagin ta yi. Shi ya sa ya koyi yin shiru. Uban ya rasu tuni. Yanzu uwar tana kwance a asibiti, ido ya tafi, tunani ma yana bin sa. Ya shigo ajina ne don ya rubuta mata waƙa tasa ta kansa, ko za ta saurare shi sau ɗaya kafin ta cika.

Muka sha wahala a kanta, har ta fito ba laifi. Ya kai mata. Tana jin baitin farko ta juya fuska bango.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo ba guga a rigarsa. Ya ce da ya rasa yadda zai yi, sai ya rera mata guntun waƙar ubansa da ya riƙe tun yana yaro. Ta lalubo hannunsa ta damƙe, abin da rabonta da yi tun yana makaranta.

"Ka dawo?" in ji ta. "Ci gaba, kada ka tsaya."

Na ce masa ai ba shi take riƙewa ba, ubansa ne. Ban san me ya kai bakina ba, har yau ina jin zafin maganar.

"Na sani, Malama," ya ce. "Amma da na yi shiru take sakin hannun, ga shi baitocin Baba sun ƙare min. Ki bar tawa. Don Allah ki koya min yadda zan yi wasu irin nasa, yadda ba za ta gane ba."

Na jawo kujera na ce ya sake rera min guntun, a hankali.