Kailu, Wanda Ya Shiga Gidajenmu Ya Fito Bai Ce Komai Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Yuni, 2011, bayan sallar azahar, aka bugo mini waya cewa Malam Kailu Abdulmutallib ya rasu a gidansa na unguwar Treichville a Abidjan, bayan jinyar wata biyu. Na zauna a kan bencin rumfata a kasuwar Adjamé, na kasa kuka. Shekarar nan, saboda rikicin da aka yi a ƙasar, mun binne mutane har hawaye ya ƙare mana.

Kailu, aikinka kimanta gidaje ne. Idan za a sayar da gida ko a raba gado, kai ake kira ka auna, ka duba takardu, ka faɗi darajarsa. Saboda haka ka san abin da ke cikin ɗakunan Hausawan Abidjan fiye da limaminsu. Ka san bangon da ya tsage aka rufe da fenti, ka san gidan da takardarsa ba ta cika ba. Shekara ashirin muna shan shayi tare, ban taɓa jin ko ɗaya daga bakinka ba.

Na ji haushinka a kan wannan, ba zan ɓoye ba. Lokacin da nake son sayen gidan maƙwabcina, na roƙe ka ka ɗan raɗa mini abin da ka gani a ciki. Ka ce, "Gwadabe, shi ya buɗe mini ƙofa, ba kai ba." Na yi wata uku ina gaishe ka da gyaɗa kai kawai.

Sai ga shi nawa sirrin ya zo hannunka. A 1994 na sayi gidana kusa da unguwar 220 Logements, amma na sa sunan aminina Siyaka, ɗan ƙasa, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi, wai don baƙo ya kwana da kwanciyar hankali. Siyaka ya rasu bai faɗa wa 'ya'yansa ba, ni ma na yi shiru. A doka gidan nasu ne. Ranar da na kira ka auna gidan a 2003 ka karanta takardar, ka cire tabarau, ka ce, "Ka je wurin noter, lauyan takardu, ka gyara wannan tun kana da ƙafa." Na ce to.

Bayan shekara biyu Lasina, babban ɗan Siyaka, ya auri 'yarka Rufaida. Ranar ɗaurin auren ban iya cin abinci ba. Na ga kalma ɗaya daga gare ka za ta sa 'yarka da jikokinka su samu gida, ni da iyalina mutum goma sha ɗaya mu koma haya. Rufaida da mijinta suna zaune a ɗaki ɗaya a Treichville, kana gani. Ba ka faɗa ba. Duk Juma'a sai dai ka kama hannuna a ƙofar masallaci ka ce, "Ka je?" In ce sai mako mai zuwa.

Shekara takwas ka riƙe mini wannan, ni kuwa na bar ka da nauyin. Na gaji, Kailu. Ka cika amanarka, saura tawa. Jiya na sa takardun a jaka, gobe da safe zan je wurin Lasina in faɗa masa da bakina. Abin da zai yi da su ban sani ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya rufa maka asiri ranar da ake tone na kowa, Ya sa kabarinka ya yalwata. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Hajo, da Rufaida da mijinta, da dukkan 'yan'uwa na Adjamé da Treichville. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Gwadabe Kalla, Adjamé