Motar da Aka Kashe Mini Daga Nesa

Ban taɓa sha'awar tuƙi ba. Karatu nake so, amma da na gama sakandare a Haɗeja sai karatun ya tsaya, kuma a danginmu mota ce sana'ar maza. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da tsohuwar gingimari da yake kai tattasai da busasshen kifi Kano. Shi ya ce in zo in zama karen motarsa, in ya ga na yi hankali ya ba ni sitiyari.

Na je tasha na zauna ina kallon yaran mota. Aikinsu ihu ne, da faɗa da masu lodi, da shan zagi a gaban jama'a. Ni kuwa ko gaisuwa sai na tsara ta a raina kafin in furta. Na san ba zan iya ba.

Ana haka na ji wasu kamfanoni biyu suna ɗaukar matasa su koya musu tuƙin tirela, su ba su aiki. Ɗaya a Kano yake, koyarwarsa gajera ce, motocinsa sun tsufa. Ɗayan a Legas, da aji da malami da wurin kwana, motoci sababbi, kuma suna kai siminti har yankinmu. Sharaɗin na Legas shi ne takardar shaidarka ta tuƙi tana hannunsu sai ka cika shekarun da aka yanka maka. Babu abin da ban tambaya ba: abinci, hutu, asibiti, wanda zai gyara mota in ta lalace. Na zaɓi na Legas.

Na sami Kawu a gindin motarsa yana cin rogo da ƙuli.

"To, Malam, an ce a aji za a koya maka tirela?"

"E, Kawu. Har da littafi."

"Madalla. In taya ta fashe sai ka karanta mata." Yaransa suka yi dariya. Ya kakkaɓe hannu ya dube ni. "Motar tasu, in ka ga naka a bakin hanya, tana tsayawa?"

Na ce, "Ai direba ke tsayar da mota."

"Allah ya sa," in ji shi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin makarantar. Babu wanda ya zage ni. Malamin yakan zana birkin iska a allo, ni kuma in kwafa da kyau. A can aka gaya mana kowace mota tana da na'urar da ke nuna wa ofis inda take, kuma in ɓarayi sun ƙwace ta, daga ofis za a kashe injin. Na ji wannan a matsayin kariya gare ni. Har waya na yi wa mahaifiyata na ce ta kwantar da hankalinta.

A daminata ta farko a kan aiki kogi ya yi ambaliya. Na sauke siminti wajen Birniwa, ina dawowa da mota fayau, sai na hango Kawu tsaye a mararrabar ƙauyenmu, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya san ranar wucewata, don mahaifiyata ta gaya masa. Tasa motar tana Kano, injin a sauke.

Ya hau matakalar ƙofa ya leƙo. Ruwa ya shiga fadama, ya ce, sun yanke shinkafa a cikin kwalekwale, sun tara a filin firamare, kuma ruwan ya kusa kewaye filin. Shanu da amalanke suna ta jigila amma ba za su gama ba. Ta gidanmu tana ciki, da tasa, da ta rabin gari.

"Tudun nan kawai za ka kai mana. Ga shi can kana gani."

A wurinmu direba ɗan gari ba ya wuce irin wannan. Ba roƙo ba ne ma, sanarwa ce. Na san dokar kamfani, na haddace ta: ba a sauka daga hanya, ba a ɗaukar kayan kowa. Na karya kan mota na hau jingar da ta shiga gari, siririyar hanyar da ruwa ke kwance dama da hagunta.

Ana cikin lodi wayata ta yi ƙara. Wani saurayi ne daga ofis, muryarsa a sanyaye, yana tambayar me ya kai ni inda babu hanya a taswirarsa. Na tattaro Turancina mafi kyau na yi masa bayanin ruwa da shinkafa. Ya ce in koma kwalta yanzu, babu kaya. Na ce kwaltar zan koma, tudun yana bakinta. Ya ce zai sanar da na gaba da shi.

Mata suna ta sa mini albarka. Wata tsohuwa ta miƙo mini fura ta taga. Ban taɓa jin ni wani ne a garin nan ba sai ranar.

Da aka gama lodi muka juyo, muna kaiwa tsakiyar jinga injin ya mutu. Babu tari, babu gargaɗi. Na murɗa makulli, shiru. Kawu ya ce a buɗe a duba mai. Na ce ba mai ba ne.

"To mene ne?"

"Daga Legas aka kashe ta."

Ya dube ni. Sannan ya waiwaya baya, inda amalanken shanu suka yi layi da sauran buhuna. Tirelar ta cike jingar, ko jaki ba zai raɓa ta ba. Na toshe wa garinmu hanyarsa guda ɗaya.

Na kira ofis har cajina ya ƙare. Amsar ba ta canja ba: ana bincike, kada in bar wurin motar. Mutanen da suka yi lodi su suka sauke, suka riƙa ɗauka a ka suna ratsa ruwa har ƙirji. La'asar na yi hadari ya haɗo. Abin da aka fitar bai kai wanda ya rage ba. Kafin kamfani ya turo wani direba ya ja motar da baya, shinkafar da ta jiƙe ta fara tsiro a cikin buhu, fararen saiwoyi suna leƙowa ta saƙar.

Sun sallame ni, takardar shaidata kuma tana can wurinsu. A gari babu wanda ya zage ni, da ma sun yi. Gaisawa kawai ake yi a wuce.

Da Kawu ya gyara motarsa ya aiko a kira ni. Ya nuna mini katakon da ake sa wa taya in an tsaya a gangare.

"Ɗauki, Malam. Wannan motar ba ta da ofis."

Na ɗauka. Har yau ni nake sa shi.